Ina aikin gwamnati, ina so in haɗa da harkar filaye: ta ina zan fara?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ni ma'aikaci ne a wata ma'aikatar jiha a nan Kano, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 albashi ya daina kai ni ƙarshen wata. Da adashe da ɗan abin da nake matsewa na tara kusan naira miliyan 4. Wani abokina ya ce in sayi fuloti na awon igiya (filin da ba gwamnati ce ta yanka ba) a bayan gari, wajen Janguza ko hanyar Gezawa, in ajiye ya yi daraja, sannan in riƙa haɗa mai saye da mai sayarwa ina cin la'ada. A cewarsa waya kawai ake buƙata da ɗora hotuna a WhatsApp. Ba na son barin aiki. Zai yiwu in haɗa biyun? Da wanne ya kamata in fara?

Tsohon dillali:
Wa alaikumus salam. Ɗana, abokinka ya haɗa maka sana'a biyu ya kira su abu ɗaya. Sayen fili a ajiye, kuɗinka ne ke aiki kana zaune a ofis. Dillanci kuwa ƙafarka ce ke aiki, kuma ƙafar nan ka riga ka jinginar wa gwamnati daga Litinin zuwa Juma'a.

Mai saye ba ya jiran Asabar. Zai kira ka ranar Talata da hantsi, kuɗi na masa ƙaiƙayi, ya ce yanzu yake son ganin wuri. Ka ce masa kana taro, kafin la'asar wani ya kai shi, an taya, an sallama, an ba da kafin alƙalami. Da daddare sai ka ji labari.

Sai lissafin la'ada, wanda shi ne ke ruɗin sababbi. Abin da aka saba shi ne kashi 5 cikin 100. Fili na miliyan 4 ke nan dubu 200, ka ji kamar kuɗi. To amma da wuya ciniki ya faɗa tsakanin mutum biyu da dillali ɗaya. Akwai wanda mai fili ya ba wa, akwai wanda ya ji a wurinsa, akwai wanda ya kawo mai saye, ga 'yan kayi-nayi da ba su yi komai ba sai tsayuwa a wurin lokacin da aka sallama. In ku biyar ne kowa ya tashi da dubu 40, bayan ka ƙona mai da katin waya. Sannan a yi wata biyu ko uku ba a sayar da ko taku ɗaya ba, musamman da damina.

Abin da ya fi wannan nauyi: ranar da fili ya zo da rigima, mai saye ba ya neman mai filin, wanda ya kai shi yake nema. Mu mun saba da ofishin 'yan sanda da kotu, cikin sana'ar ne. Kai kuwa ofishinku za a biyo ka, gaban ogan ka.

Wata lauya:
Baba ya faɗi na kasuwa, bari in faɗi na doka. Malam, tunda ka ce kai ma'aikacin gwamnati ne na cikakken lokaci, jadawali na 5 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana ka shiga gudanar da wani kasuwanci ko sana'a ta kanka. Noma kaɗai aka ware. Dillanci sana'a ce, ya shiga ciki. Sayen fili da halaliyarka kuwa ba laifi ba ne, sai dai ka saka shi a takardar bayyana kadarori da ake cikewa duk shekara 4.

Game da filin kansa: dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, kai haƙƙin zama da amfani kake saya. Fili mai takardar gwamnati, ka karɓi lambar fayil ka je KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye ta jihar Kano, a duba maka sunan wa ke ciki, ko an jinginar wa banki, ko akwai bashin harajin ƙasa a kansa. Bayan ciniki kuma sai an nemi amincewar gwamna kafin mallaka ta dawo sunanka. Awon igiya ba shi da fayil ɗin da za a duba, takardar mai unguwa ko dagaci shaida ce ta ciniki kawai. Don haka ka tambaya a KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ko wurin ya faɗa cikin tsarin gwamnati ko hanya za ta ratsa. In gwamnati ta karɓi wuri don amfanin jama'a, diyyar da dokar ta tanada ta gini ce da amfanin gona, fili tsirara ba ya samun abin kirki.

Kuɗi kuma a tura ta banki, a rubuta dalili. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar da ta wuce miliyan 5 hannu da hannu. Ko naka bai kai ba, shaidar banki ta fi shaidar baki.

Wani ɗan uwa:
Haba Barista, wa ke bin wannan? Rabin ma'aikatan sakatariya suna da shago ko suna dillanci.

Lauyar:
Haka ne, ana yi. Sai ranar da mutum ya saɓa da wani a ofis, ko ana rububin ƙarin girma, a zaro maganar. Ya tambaya, gara ya sani.

Wata malamar makaranta:
Ni na sayi awon igiya kuma ban yi da-na-sani ba, amma Malam ka lura da gonar gado. Mafi yawan filayen bayan gari gonaki ne da aka yanka, kuma sau da yawa babban wa ne ke sayarwa, ƙannensa mata da ke gidan aure ba su ma ji ba. Shekara ta zagayo su kai ƙara, kai da ka saya ka shiga tsakiya. Da zan saya cewa na yi sai na ga takardar rabon gado kuma kowane magaji ya sa hannu. Dillalin ya yi ta ƙorafi wai na cika bincike, na ce to a bar shi. Da kansa ya dawo da su.

In ka saya kada ka bar shi haka. Ko kwas uku na bulo ne ka zagaye, ka san maƙwabtan filin, ka riƙa leƙawa. Filin da ba a ganin mai shi ne ake sayar wa mutum biyu. Kuma kada ka zuba miliyan 4 ɗin duka. Fili ba ya komawa kuɗi ranar da kake so. In rashin lafiya ko kuɗin makaranta ya taso, 'yan kasuwa na ganin ka matsu za su taya da rabin kuɗi.

Wani malami:
La'ada halal ce idan an san da ita. Abin da ke ɓata sana'ar shi ne mai fili ya ce miliyan 3, dillali ya faɗa wa mai saye miliyan 3 da rabi, ya soke ƙarin ba da sanin kowa ba, ya kuma dawo ya karɓi la'ada. Sai sayar da filin da mutum bai mallaka ba, wanda Annabi (SAW) ya hana. Lokacin aikin da ake biyan ka albashi a kansa shi ma amana ne.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fahimci sayen ya fi dacewa da ni. Barista, in na yi rajistar dillancin da sunan maiɗakina fa? Baba, awon igiyar zan saya ko in jira in ƙara tari?

Lauyar:
In ita ce za ta yi sana'ar da gaske, babu matsala. In suna ne kawai kai ke juyawa ta bayan fage, jadawalin ya ce abin da ka yi ta hannun wakili kamar kai ka yi ne.

Tsohon dillalin:
Ga mai zuwa aiki kullum, ƙaramin fili mai takarda ya fi babba na awon igiya, don ba ka da lokacin zaryar kotu. In kuɗinka bai kai ba, ka nemi awon igiya a inda aka riga aka yi gine-gine mutane suka tare, ba tsakiyar gona ba. Kuma kafin ka ba da kafin alƙalami ka je wurin washegarin ruwan sama, kai kaɗai, ba tare da abokin naka ba, ka ga inda ruwa ke kwanciya, ka tambayi masu gidan da ke kusa filin na wane ne.