Na sauya rufin gidan da nake renon yara a ciki: nawa za a cire mini daga haraji?

Maman Khalil:
Assalamu alaikum. Ina zaune a birnin Kolombus na jihar Ohayo a Amurka, kuma shekara biyu ke nan ina renon 'ya'yan mutane a gidanmu da lasisin hukuma. A watan Afrilun 2025 rufin ya fara yoyo daidai kan ɗakin da yara ke barcin rana, har sai da muka riƙa tara bokiti, aka toshe wurin a kan dala 900. Da kaka ta zo sai mai gyaran ya ce rufin ya gama aiki, muka sauya shi gaba ɗaya a kan dala 14,000, sannan na biya dala 600 aka yi wa ɗakin wasan yara fenti. Maigidana yana ganin za a cire mana kuɗin nan duka a bana, tunda saboda sana'ar aka kashe su. Shin haka abin yake?

Baban Yusra:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa albarka a sana'a, amma lissafin maigida ba zai karɓu a wurin hukumar haraji ta Amurka, wato IRS, ba, domin ku ma kuna kwana a ƙarƙashin wannan rufi. Abu na farko shi ne ki fitar da kason gidan da sana'ar ta ci, ta fuskar wuri da ta fuskar lokaci. A ce faɗin gidan murabba'in ƙafa 1,600 ne, kuma ana amfani da 1,200 a kai a kai saboda yaran, to wuri ya kama kashi 75 cikin ɗari. Idan kin yi aikin awa 3,000 a shekara, sai ki raba da awa 8,760 da ke cikin shekara, ki samu kusan kashi 34. Idan aka ninka kason wurin da kason lokacin, kasonki ya tsaya wajen kashi 26 cikin ɗari, kuma da shi za ki auna duk kuɗin da ya shafi gidan baki ɗaya a fom ɗin haraji mai lamba 8829.

Abu na biyu shi ne bambancin gyara da ingantawa, wanda a nan ne mutane suka fi tuntuɓe. Toshe yoyo gyara ne, domin ya mayar da rufin yadda yake ne kawai, saboda haka za ki cire kasonki na dala 900 ɗin, wato kusan dala 230, daga kuɗin shigar da ake ɗora wa haraji a shekarar da kika biya. Sabon rufi kuwa ingantawa ne, doka ta ce a rarraba shi a kan shekara 39. Kasonki na dala 14,000 bai wuce dala 3,600 ba, idan kuma aka raba shi sai ki ga abin da ke zuwa miki a shekara bai kai dala 100 ba. Na san ba daɗin ji, amma haka ƙa'idar take.

Hajiya Mai Reno:
Ƙanwata, ni na shekara tara a wannan sana'a a Bironks da ke birnin New York, kuma abin da na yi asara a kansa a farko shi ne ƙirga awanni. Ba lokacin da yara suke gidan kaɗai ake ƙirgawa ba. Shara da goge-goge bayan sun tafi, da girkin abincinsu da asuba, da zaman rubuta lissafi, duk suna shiga, muddin a cikin gidan aka yi su. Ni kalanda na rataye a jikin firiji ina rubutawa kullum. Game da fentin kuma, idan ɗakin wasan na yara ne zalla, ba wanda ke shiga kallon talabijin da dare, za ki cire dala 600 ɗin cif. Idan kuwa iyalinki ma suna amfani da shi, sai ki ninka da kason lokaci kaɗai.

Maman Khalil:
Na gode ƙwarai, Yaya. Gaskiya yarana suna yin aikin makaranta a ɗakin da yamma. To, Malam, tunda abin rufin bai taka kara ya karya ba, ba gara in bar shi ba?

Baban Yusra:
Ban ba ki shawarar ki bar shi ba. Ranar da kuka sayar da gidan, IRS za ta ɗora haraji, wanda zai iya kaiwa kashi 25 cikin ɗari, a kan raguwar darajar da kika cancanci cirewa, wato kason da ake rarrabawa shekara-shekara, ko kin cire ko ba ki cire ba, sai dai in kina da takardun da ke tabbatar da cewa ba ki cire ba, kuma rangwamen ribar sayar da gida na dala 500,000 da ake yi wa ma'aurata bai rufe wannan ba. Akwai wani sassauci na ƙananan masu sana'a da ke ba da damar cire ingantawa a shekara ɗaya, amma sharaɗinsa shi ne jimillar gyara da ingantawar shekarar kada ta wuce dala 10,000 ko kashi 2 cikin ɗari na asalin kuɗin ginin, wanda ya fi ƙanƙanta a cikinsu, don haka ki sa akantarki ya duba ko kin shiga ciki. Ki tafi masa da rasit ɗin toshe yoyon daban da na sabon rufin, kowanne da kwanan watansa, don kada a haɗa su a ɗauke su aiki ɗaya.