Miyar Kifin Kerala da Alawar Kwakwa

Abin da masu girkin suka fi nanatawa shi ne tukunyar ƙasa. A Kerala, kudancin Indiya, a cikinta ake dafa miyar kifi mai yaji, da man kwakwa, barkono, kurkur da wani busasshen ɗan itace mai tsami, kudampuli. Idan babu, tsamiya ta wadatar. Kada a juya da ludayi, a girgiza tukunyar kawai, don kada kifin ya farfashe. In ta kwana ta fi daɗi, a nan kam babu gardama.

Idan za a sa jatan lande a miyar, sai a ƙarshe, minti 3 zuwa 4, in ya wuce sai ya yi tauri. Madarar kwakwa kuma ba ta son wuta mai ƙarfi, tsinkewa take yi.

Alawar kwakwa kuwa, wadda a Indiya ake kira laddu, ba wuya: gurzajjiyar kwakwa da mazarƙwaila, a tuƙa a wuta kaɗan, a mulmula da ɗuminta.