Neman kalma: me za mu kira "allergy" da Hausa?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum. Gobe ƙarfe huɗu zan saka hirar da na yi da wani likitan dabbobi a shirin noma da kiwo. Da Turanci ya yi bayani, ni zan ɗora murya. Magana ce kan karnuka masu yawan susa da gwajin allergy da ake yi musu. Wace kalma zan sa? Lokaci ya ƙure mini.

Bazazzagi: Wa alaikumus salam. Borin jini mana, Hajiya. Gwajin borin jini, kowa zai gane.

Likitan Dabbobi: A'a. Borin jini shi ne jiki ya yi ruɗu-ruɗu farat ɗaya, ya kuma baje. Na kare ciwo ne mai naci, yakan fara tun yana wata 6 zuwa shekara 3. Za ka ga yana lasar tafin ƙafa, yana susar kunne da hammata da ciki har gashi ya zube. Kuma Hajiya, kada ki ce "gwajin gano cutar". Gwajin ba ya gano ta. Sai mun kawar da zargin ƙuma da ƙazuwa, mun canza masa abinci na mako 8 mun gani. Bayan nan ne ake aske gefen ƙirji, a yi ƙananan allurai cikin fata, kowace da abu ɗaya: ƙwarin ƙurar ɗaki, garin furen ciyawa, funfuna. Ana haɗawa da allurar histamin (sinadarin da ke sa fata ta tasa) da ta ruwan gishiri don kwatanci. Bayan kamar minti 15 a duba wuraren da suka tasa. Akwai kuma na jini, mai auna IgE, wani sinadari na garkuwar jiki. Amfanin duka biyun shi ne a san abin da za a zuba a allurar sabawa da jiki. Mu a wajen aiki alaji kawai muke cewa.

Malam Na-Allah: Alaji? Subhanallahi, sai mai sauraro ya ɗauka Alhaji aka yi wa gwaji. Na daɗe ina faɗa, kalmar ita ce ZUMUƊIN GARKUWA. Garkuwar jiki ce ke zumuɗi a kan abin da ba maƙiyi ba. Shi ma Baturen ƙirƙirar tasa ya yi: Clemens von Pirquet, likitan yara a Biyana, babban birnin Ostiriya, ya haɗa ta daga kalmomin Girka a 1906. Shi yana da izinin ƙira, mu ba mu da shi?

Ɗan Maraɗi: Mu nan alerji ake cewa a asibiti, ta Faransanci. A gida kuwa sai a ce "jikinshi bai so" ko "bai karɓe shi ba".

Abu Hafsa: Larabci na da hassasiyya. Tunda mun ari lafiya da hankali, me zai hana?

Malam Na-Allah: Daga aro sai aro. Yaushe za mu ɗinka tamu rigar?

Bazazzagi: Malam, ita rediyon da za a saka shirin ina ka samo sunanta? Kuma a Zariya in ka ce zumuɗi, rawar kai muke ji. Sai a zaci karen ne mai rawar kai.

Malam Na-Allah: Yanzu Bazazzagi ne zai koya mini Hausa? Ku fara gyara "mace ya zo" tukuna.

Abu Hafsa: Ni abin da ke ba ni mamaki ma, mutane na fama da kuɗin magani, ana yi wa kare gwaji.

Likitan Dabbobi: Karnukan gadi da na 'yan sanda aiki suke yi, malam. Mafarauci ma ba ya wasa da lafiyar karensa.

Maman Sadiq: Don Allah ku dawo kan hanya. Ga abin da na rubuta: "gwajin gano abin da jikin kare ba ya so, wanda likitoci ke kira alaji". Sau ɗaya zan faɗi doguwar, daga nan in ci gaba da alaji. Likita, ya yi?

Likitan Dabbobi: Ya yi. Ki ƙara cewa ana dakatar da magungunan ƙaiƙayi kafin gwajin fata, in ba haka ba wurin allurar ba zai tasa ba. Likita ne zai faɗi tsawon kwanakin.

Malam Na-Allah: Wannan ai bayani ne, ba kalma ba. To, na gobe dai ki yi da shi. Amma ki ambaci zumuɗin garkuwa ko sau ɗaya, mu ji abin da masu kiran waya za su ce.

Maman Sadiq: In minti ya ragu, Malam.