'Yan aji huɗu suna amsawa baki ɗaya, amma ɗaiɗaikunsu ba su iya karatu ba. Ta ina zan kama?

Malamar Aji Huɗu, Darazo

Assalamu alaikum malamai 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka daɗe da alli a hannu.

Ina koyarwa a wata firamare ta gwamnati a ƙaramar hukumar Darazo. Aji huɗu nake riƙe da shi, Hausa da Turanci duk ni ce. Yaran sun haura 80 a rajista, ko da yake ranar kasuwa da lokacin girbi ajin kan sassauta. Da yawansu 'ya'yan ruga ne, Fulatanci suke yi a gida, Hausarsu ta wasa ce da ta ciniki.

Idan na rubuta jimla a allo na karanta suka maimaita, har ajin da ke kusa da mu sai ya ji amon. Mai wucewa zai ce karatu ya zauna. Amma in na kira yaro guda na ɗora masa yatsa kan kalmar tsakiya, sai ya yi shiru, ko ya koma farkon jimlar ya fara rerowa har ya iso wurin. Na rubuta ɗan gajeren labari na Hausa da hannuna na gwada su ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka karanta shi ba gargada ba su kai 15 ba. Wasu sun san baƙaƙe amma ba za su haɗa "ka" da "za" su ce kaza ba. Wasu har yanzu b da d ɗaya ne a idonsu. Kwafa kuwa sun ƙware, littafi tsaf gwanin kyau, sai dai ka ce yaro ya karanta maka abin da ya rubuta da hannunsa, ya tsaya yana kallonka.

A kwaleji an koya mana cewa darasin harshe sai ya haɗa abu huɗu: sauraro, magana, karatu da rubutu. Ni kuwa minti 35 gare ni, manhajar aji huɗu kuma tana maganar insha'i da auna fahimta, da Turanci ma. To in ajiye ta in koma baƙi da wasali? In eh ne, da Hausa zan fara ko da Turanci? Kuma yaya ake koyar da magana ga yara 80 ba tare da surutu ya cinye darasin ba?

Abin yana cin raina ƙwarai saboda 'yan matan. Na san wasunsu daga aji shida ba za su wuce ba. Abin da suka samu a shekara biyun nan, shi za su riƙe har tsufansu.

Tsohon Hedimasta, Azare

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi miki albarka da kika zauna kika gwada su ɗaya bayan ɗaya, don malamai da yawa har su yi ritaya ba su taɓa yin wannan ba.

Ki koma baƙi da wasali, kuma da Hausa. Kada ki ji nauyin kowa a kan haka. Rubutun Hausa na boko mai gaskiya ne: wasula biyar, a e i o u, kowane baƙi kuma kusan sauti ɗaya yake bayarwa duk inda ya faɗo. Yaron da ya kama cewa "m" da "a" suna ba da "ma" ya samu hanyar da zai bi ya karanta kalmar da bai taɓa gani ba. Turanci ba haka yake ba, wasali ɗaya sai ya sauya murya daga kalma zuwa kalma, ga shi yaron bai ma san ma'anar abin da yake furtawa ba. Wahala biyu ke nan a lokaci guda.

Ita kanta Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, bugunta na 2004 ya ce shekara ukun farko na firamare da harshen yankin za a koyar, Turanci ya karɓa daga aji huɗu. An gina wannan ne a kan zaton cewa yaro zai iso ajinki ya riga ya iya karatu da harshensa. Naki ba su iso da shi ba, don haka aikin da aka tsallake ne za ki cike. Kuma ba ajinki kaɗai ba ne. Gwajin karatu da aka yi a Bauchi da Sakkwato a 2013 ya nuna mafi yawan 'yan aji biyu ba sa iya karanta kalmar Hausa ko guda. Irin wannan sakamako ne ya sa shirin inganta ilimi a Arewa mai suna NEI Plus, wanda hukumar tallafin Amurka USAID ta ɗauki nauyi daga 2015, ya kawo littattafan Mu Karanta na aji ɗaya zuwa uku. Ki tambayi hedimastanku ko akwai ragowarsu a sito, ki kuma nemi malamin ƙananan aji da ya samu wancan horo. Tsarinsu mai sauƙi ne: malami ya fara yi, sai su yi tare, sai yara su yi su kaɗai. Mataki na ukun nan shi ne ya ɓace a ajinki.

Masu tsoron cewa Hausa za ta kashe Turanci, a tuna musu da gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970. Yara sun yi firamare shekara shida da Yarbanci, Turanci na matsayin darasi guda, kuma ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba.

Yanzu ga yadda zan yi da ni ne. Ki raba su uku bisa gwajin da kika yi: waɗanda ba su san baƙaƙe ba, masu haɗa gaɓa, da masu karatu. A bar maganar shekaru ko girman jiki. Amshin baki ɗaya kuma ki rage shi sosai. In kin rubuta gaɓoɓi a allo, kada ki bi su a jere, ki riƙa tsallake, ki kira layi guda, sannan benci guda, sannan yaro guda.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne shifta, kullum, ko ta minti biyar ce. Ki goge allo tas, ki faɗi kalma biyar, su rubuta, su ɗaga littafi sama ki gani. Shifta ta haɗa sauraro da rubutu wuri guda, kuma ba a ɓoye mata, nan take za ki ga wanda ya ji da wanda ke leƙen maƙwabci. Ki sa musu tagwayen kalmomi irin su bari da ɓari, daki da ɗaki, kafa da ƙafa, don su san lanƙwasar nan ba ado ba ce. Daga kalma sai jimla, daga jimla sai ki ce kowa ya rubuta abin da ya ci jiya da dare. Insha'in da manhaja ke nema daga nan yake somawa.

Malamin Turanci, Bauchi

Baba Hedimasta, Allah ya ƙara girma. Na yarda da kai a kan karatu da rubutu, amma ina da ja kaɗan, don mu ne muke karɓar yaran nan a ƙaramar sakandare. Suna zuwa mana ko "zo nan" da "zauna" ba sa ganewa da Turanci, alhali jarrabawar da ke gabansu da shi za a yi ta.

Malama, karatun Turanci zai iya jira, amma jin sa da faɗin sa kada su jira. Ki ware minti goma kullum, ba littafi ba allo. Ki ba da umarni su aikata: tashi, taɓa kai, ɗauko tsintsiya, buɗe taga. Ki shigo da kofi, cokali, albasa, takalmi, ki riƙa tambaya suna amsawa da cikakkiyar jimla. Kuma don Allah a minti goman nan kada ki fassara. Wannan ita ce cutar da ta fi yawa a azuzuwanmu: malami ya faɗi jimla da Turanci, nan take ya bi ta da Hausa. Yara ba wawaye ba ne, sun san fassara na tafe, sai su toshe kunne su jira ta. Ki nuna da hannu, ki maimaita, ki bar su su gano.

Batun surutu kuwa, kada ki nemi yara 80 su yi miki magana ke kaɗai, layi ba zai taɓa zagayowa ba. Kowa ya juya ga na kusa da shi, ɗaya ya tambaya ɗaya ya amsa, sannan su musanya. Ki sa musu alamar tsayawa, tafi uku ko ɗaga hannu. Za a yi hayaniya, amma ta aiki ce.

Malamin Tsangaya, Misau

Salamu alaikum. Ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma zan tofa albarkacin bakina. A wurinmu kowane almajiri da allonsa, kuma ba a wanke masa sai ya zo gaban malam ko gardi ya biya shi kaɗai. Ko ɗari ne a tsangaya, mun san inda kowa ya tsaya. Manya kuma su ke biya wa ƙanana. Malama, 'yan kaɗan ɗin nan naki da suka iya, su ne gardawanki. Ki ba kowanne yara biyar ko shida na ɗan lokaci, ke kuma ki zauna da waɗanda suka fi rauni.

Sannan ki bincika, da yawa cikin yaranki sun yi babbaƙu da farfaru a makarantar allo ko Islamiyya. Wanda ya san ba, bi, bu da fataha da kisira da rufu'a, ai ya riga ya san baƙi da wasali ke haɗuwa su ba da sauti. Ki nuna masa cewa a boko ma haka ne, illa wasalin a gefen baƙi yake zama, ba sama ko ƙasa ba, kuma ana farawa daga hagu.

'Yar Ruga, Dukku

Yaya Malama, ni a ruga na tashi, yanzu ina koyarwa a nan jihar Gombe, don haka a kan yaran Fulanin zan yi magana. Shirunsu ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. An tarbiyyantar da su cewa yaro ba ya ɗaga murya ko ido gaban babba, ga kuma tsoron a yi musu dariya in Hausar ta karkace. In kin tsayar da yarinya gaban aji ba za ki ji komai ba. A benci, da ƙawarta, za ta yi magana.

Abu biyu za ki riƙa ji. Fulatanci ba ya raba "ya" da "ta", kalma ɗaya ce ga mace da namiji, shi ya sa za ta ce miki "Inna ya tafi". Kuma babu ƙ da ts a harshenmu, sai ki ji kasa a maimakon ƙasa, soro a maimakon tsoro. Amma ɓ da ɗ namu ne, a nan za su iya fin 'yan gari. Kada ki tsawata, ki maimaita jimlar daidai ki wuce.

Su sauraro da magana suke buƙata kafin gaɓoɓi su yi musu ma'ana. Ki yi musu tatsuniya gajera, ki tsaya a tsakiya ki ce me Gizo zai yi yanzu. Ki bar yaro ya fara ba abokinsa amsa da Fulatanci, sannan su juya ta Hausa tare. Ki tambaye su sunayen shanu da launukansu, yadda ake tatsa, yadda ake kaɗa nono a fid da mai. Ranar za ki ga wanda bai taɓa ɗaga hannu ba yana gyara wa 'yan gari zance. Abin da suka faɗa ki rubuta shi a allo, shi ne karatun gobe.

Malamar Aji Huɗu, Darazo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na duba sito tare da hedimasta, mun samu ragowar littattafan aji biyu, wasu gara ta taɓa su amma za su yi aiki. Ranar Litinin zan raba rukuni, darasin Hausa ya zama na gaɓoɓi da shifta, na Turanci kuma in buɗe shi da minti goman da Malam ya faɗa. Tatsuniya zan sa ta bayan an dawo daga tara, lokacin da hankalinsu ke warwatse.

Baba Hedimasta, saura abu ɗaya. Masu duba makarantu in sun zo littafin shirin darasi suke buɗewa, su gwada shi da manhaja mako-mako. Me zan rubuta a ciki?

Tsohon Hedimasta, Azare

Ki rubuta abin da kike yi, 'yata, kada ki rubuta wani abu daban. Ki sa batun makon kamar yadda manhaja ta ce, rukunin masu karatu su yi shi sosai, a ƙasa kuma ki rubuta darasin gyara na sauran rukuni biyun. Takardar gwajin nan da kika yi, mai sunan kowane yaro da inda ya tsaya, ki sa hedimasta ya sa mata hannu ki liƙa ta a bangon littafin daga ciki. In mai duba ya yi ƙorafi, ki ba shi rajista ya zaɓi yaro uku da kansa ya ba su karatu.

Bayan hutun rabin zango ki sake gwada su, amma da sabon labari, don wancan sun haddace shi tun tuni.