Takin tumaki: yadda ake yi a gida da yadda muka tarar a Legas

Mai Latas, Ojo: Salamu alaikum jama'a. Wani ɗan'uwa mai sayar da raguna a kasuwar dabbobi ta Kara ya ce in zo in kwashe kashin da ya taru masa tun Babbar Sallah, kyauta, kuɗin mota kawai zan biya. Mu masu lambu a nan kashin kaji muka sani. Kafin in ɗauko, waɗanda suka yi noma a gida su faɗa mini yadda ake yi da na tumaki a garuruwansu, kuma ko zai karɓi ƙasar nan.

Ɗan Bichi: Wa alaikumus salam. A ƙasar Kano ai ba a kyautar da shi, sai dai ka saya. Da ruwa ya sauka aka yi shuka, tumaki da awaki sun shiga turke ke nan har a gama girbi. Nan ake kawo musu ciyawa, abin da suka rage su tattake shi da fitsari, mata su zuba tokar murhu da shara a kai. Wannan shi ne takin turke, kuma rabin ƙarfinsa fitsarin ne. Wajen Maris zuwa Afrilu a kafta shi da fartanya, ƙasansa baƙi ƙirin yana tururi, a loda a mangala jaki ya kai gona. Yanzu amalanke ta fi yawa. A zuba tsibi-tsibi, sai an ga hadari ya fara haɗowa a watsa, huɗa ta rufe shi. Gonar bayan gida tana samu duk shekara, ta nesa kuwa sai an tsallake shekara biyu ko uku, saboda ba ya isa.

Ba'adare, Mile 12: Ku Kanawa kuna da wadata shi ya sa kuke watsawa. Mu a Tawa ta Nijar ƙasarmu fako ce, ruwa in ya sauka gudu yake yi. Tassa muke yi: tun da rani a haƙa ƙananan ramuka, ƙasar da aka fitar a tara ta gefen gangare don ta tare ruwa, a sa taki cikin hannu ɗaya ko biyu a kowane rami. Gara ta zo cin takin, ta huda ƙasar, ruwa ya samu hanyar nutsewa. Hatsi a ramin nan yana jure fari na kwanaki, na waje ya naɗe.

Ɗan Bichi: Ikon Allah. Mu kuwa tsoron garar ne ya sa ba ma watsawa da wuri.

Bafuntuwe: Wajenmu ƙasa ta fi nauyi, ruwa ya fi na Kano, masara muke yi. Takin tumaki shi kaɗai ba ya ɗaukar masara, dole ka bi da takin zamani na yuriya. Amma gonar da ta sha shi tana riƙe laima, ba ta yin tauri, kuma na zamanin ya fi kamawa a cikinta. Sau da yawa a shekara ta biyu ma ake cin moriyarsa.

Baba Mai Albasa, Iyana-Iba: Yaro, duk abin da suka faɗa gaskiya ne, amma na can ne. Na yi noman gero a Haɗejiya kafin in zo Ikko, to bari in gaya maka inda aka bambanta. A gida rani ne ke adana taki: wata shida babu ɗigon ruwa, yana nan a bushe da ƙarfinsa. Nan ruwan shekara ya haura milimita 1,500, damina biyu, daga Afrilu zuwa Yuli sannan Satumba da Oktoba, ƙasar Ojo kuma rairayi ce. Ka tara shi a fili irin na Bichi, ruwa biyu masu ƙarfi za ka ga baƙin ruwa yana bin kwata. Takin ke nan ya tafi, ya bar maka ɓawo.

Sannan lissafin lokaci. Alayyahu sati uku zuwa huɗu ka tuge. Kashin tumaki ƙwaya ne mai tauri, a hankali yake saki, kafin ya narke ka riga ka kai kaya kasuwa. Abin da ya sa muka koma na kaji ke nan, ba raini ba ne. Kuma na kasuwa ba na turke ba ne. Ragon Sallah harawa da dusa yake ci, irin ciyawar arewa na cikin harawar, za ka ga abin da ba ka shuka ba ya fito. Ga leda da guntayen igiya, sai ka tsince.

Ka ɗauko, amma ka tara a tudu, ka rufe da leda, ka riƙa juyawa har zafin cikinsa ya mutu, warin ya koma na ƙasa, ka matsa ƙwayar ta marmashe. Wata biyu ba su yi yawa ba. Sai ka binne shi a kunya kafin dashe. Ɗanye kada ya taɓa latas, tunda ba dafa shi ake yi ba.

Hajiya, Agege: Baba, Allah ya ƙara girma. Ni a buhu nake shuka tumatir da barkono a bayan ɗaki, da kashin tunkiyata guda biyu. Kashi ɗaya taki, kashi uku ƙasa. Na taɓa jiƙa shi a bokiti in riƙa ban ruwa da shi, ganye ya yi shar, amma makwabta sun kusa kai ni wajen mai gida saboda wari.

Ba'adare, Mile 12: Baba, to tassa ba za ta yi a nan ba?

Baba Mai Albasa, Iyana-Iba: Rami a Ojo? Sai dai in kifi za ka kiwata. Mu da muke ɗaga kunya don saiwa ta tsira daga ruwa.

Mai Latas, Ojo: Na gode ƙwarai. Zan ɗauko in ajiye wa kuɓewa da barkono, tunda su suna daɗewa a ƙasa. In akwai wanda ke son rabi daga ɓangarenmu, ya yi magana kafin Asabar mu raba kuɗin mota.