Neman kalmar Hausa: memori lik da emuleta, kafin darasin Asabar

Malamin darasi: Assalamu alaikum, malamaina. Ranar Asabar zan gabatar da darasi da Hausa a kan binciken kurakuran memori, wato wurin da manhaja ke riƙe bayanai tana cikin aiki, a harshen rubuta manhaja na C, kuma dole takardar darasin ta isa wurin mai bugawa kafin sallar Juma'a. Kwamfutocin ɗalibaina duka masu firosesar Intel ne, manhajar da suke rubutawa kuwa ta allon Raspberry Pi ce mai firosesar ARM, kuma allo ɗaya tak gare mu, shi ya sa suke gwada aikinsu a cikin QEMU, wani emuleta da ke sa kwamfuta ta kwaikwayi wata firosesa. A makon jiya wata ɗaliba ta haɗa manhajarta da AddressSanitizer, kayan binciken kurakuran memori, manhajar ta yi aikinta har ƙarshe, sai ɓangarensa mai neman memori lik, wanda ake kira LeakSanitizer, ya faɗi da saƙon mummunan kuskure. Yarinyar nan ta kwana biyu tana tone layukan da ta rubuta, alhali babu laifi ko ɗaya a cikinsu. Kalmomi biyu nake nema, ta memori lik da ta emuleta, kuma ina son waɗanda ɗalibi zai ji ya gane ko laifin na manhajarsa ne ko na kayan binciken.

Mai fassara daga Kaduna: Wa alaikumus salam, Malam. Ta farko ba ta da wuya: yoyon ƙwaƙwalwa. Ta biyu kuma ina ganin makwaikwayi, a kan tsarin mabuɗi da madubi da ma'auni, jam'insa makwaikwayai kamar mabuɗai, domin a bambanta shi da makwaikwaya, wato mutane masu kwaikwayo.

Injiniya daga Zariya: Malama, makwaikwayi ya kwanta mini, amma duk wanda ya ji yoyon ƙwaƙwalwa asibiti zai fara tunawa. Ko yoyon kansa ina da ja a kansa, saboda randar da ke yoyo ruwanta fita yake yi, a nan kuwa babu abin da ke fita. Manhaja ce take aron gurbi a memori da umarnin malloc, a ba ta adireshin gurbin, sai ta yar da adireshin ba tare da ta mayar da gurbin da umarnin free ba. Gurbin yana nan daram, kamar shagon da aka kulle aka jefa mabuɗinsa a rijiya: mai haya ba ya iya shiga, mai kasuwa kuma ba ya iya ba wani. Valgrind ma, wani kayan binciken memori na dabam, maganar ɓata yake yi a rahotonsa, inda ya kasa abin gida huɗu: wanda ya ɓace tabbas, wanda ya ɓace ta dalilin wani, wanda mai yiwuwa ya ɓace, da wanda har yanzu ana iya kai wa gare shi. Don haka ni ɓatan gurbi zan ce.

Tsohon ɗan rediyo: Na karanta tambayar Malam sau biyu, na ƙirga memori, firosesa, lik da emuleta a sakin layi guda, sai na tambayi kaina ko darasin Hausa ake shiryawa ko na Turancin da aka sa wa hula. A zamaninmu ba mu ce kwamfuta ba, na'ura mai ƙwaƙwalwa muka ce, kuma masu sauraro sun fahimta. Makwaikwayi kuwa, yara za su ɗauka ɗan wasan kwaikwayo ake nufi. Abin da ya shiga rigar wani yana amsa sunan da ba nasa ba, Bahaushe ya daɗe da raɗa masa suna: sojan gona. A rubuta na'urar sojan gona, a wuce wurin.

Mai fassara daga Kaduna: Ranka ya daɗe, Baba, sojan gona yana da daɗi a baki, sai dai yana ɗauke da ma'anar zamba, kuma da wuya malami ya tsaya gaban aji ya ce kowa ya kunna sojan gonarsa ba a kwashe da dariya ba. Na'ura ma da muke tinƙaho da ita daga Larabci muka aro ta, inda asalinta sunan abin ɗebo ruwa ne mai juyawa.

Tsohon ɗan rediyo: 'Yata, aron da ya shekara ɗaruruwa a gida ya zama ɗan gida. Na jiya kuwa baƙo ne, kuma ku masu fassarar yanzu ba ku tambayar baƙo daga ina ya fito.

Mai rubuta manhaja daga Maraɗi: Alhaji, da izininka zan mayar da mu kan na'urar, domin sanin aikinta shi zai zaɓa mana suna. QEMU, wanda Bafaranshen nan Fabrice Bellard ya fara fitarwa a 2003, iri biyu yake aiki. A na farko yana kwaikwayon kwamfuta sukutum, har a ɗora mata Linux nata. A na biyu manhaja ɗaya kawai yake ɗauka, yana juya umarnin ARM zuwa na Intel, duk buƙatar da manhajar ta aika wa Linux kuma ya miƙa ta ga Linux ɗin kwamfutar gaske. Na tabbata na biyun ɗaliban Malam ke amfani da shi. LeakSanitizer yana dogara da kiran ptrace, wata buƙata da ake aika wa Linux, don ya tsayar da manhaja a ƙarshen aikinta ya duba wane gurbi ne babu mai riƙe da adireshinsa, irin na biyun kuwa ba ya isar da wannan kiran, shi ne abin da ya kayar da shi. Aikin nan aikin tafinta ne, kuma akwai maganar da tafintan bai iya juyawa ba. Ni tafintan na'ura zan ce. Game da yoyo kuma, mu da muka yi karatu da Faransanci ma da kalmar yoyo muka koye shi.

Tsohon ɗan rediyo: To, yanzu kuma hujjar Faransanci za a kawo mana a kan Hausa? Daidaitacciyar Hausa tana da ƙa'ida, kuma an san inda aka kafa ta.

Mai rubuta manhaja daga Maraɗi: Alhaji, Hausar Katsina muke yi a Maraɗi, kakanninmu daga can suka taso, ba a Paris muka koye ta ba. Abin da nake nufi shi ne ɗalibin da zai je neman bayani a intanet zai tarar da hoton yoyo a harsuna biyu, kuma idan muka ba shi wani hoto dabam sai ya sake koyo.

Injiniya daga Zariya: Wannan hujja ce, na karɓa, ko da yake ban janye cewa hoton gurgu ne ba. Tafinta kuma mu ajiye shi, domin za mu buƙace shi ranar da za a yi bayanin yadda harshen Python ke aiki, kuma bai ɗauki irin aikin QEMU na farko ba. Malam, ga abin da zai fitar da ɗalibarka: ta sa saitin ASAN_OPTIONS=detect_leaks=0 kafin ta kunna manhajar, neman lik zai tsaya, amma binciken rubutu a wajen iyakar gurbi da amfani da gurbin da aka riga aka mayar zai ci gaba, in dai an samu shimfiɗa inuwar. Inuwa nake kiran taswirar da AddressSanitizer ke riƙewa, bayit 1 a kan kowane bayit 8, wadda ke cin kashi ɗaya cikin takwas na filin adireshi, kuma a cikin QEMU wani lokaci a nan ma ake tuntuɓe. Neman lik ɗin kuwa su yi shi a kwamfutar gaske, su haɗa manhajar don Intel, tunda mantuwar free ba ta san bambancin firosesa ba. Kada su ɗora Valgrind a kan QEMU in ba dole ba, domin shi kansa a kan firosesar kwaikwayo yake tafiyar da manhaja, yana rage gudunta sau 20 zuwa 30, AddressSanitizer kuwa kamar sau 2 ne kawai.

Tsohon ɗan rediyo: Inuwa ta yi, wannan Hausa ce. Amma ku lura, sojan gona a kan sojan gona ya fi makwaikwayi a kan makwaikwayi saurin shiga kunne.

Malamin darasi: Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da zan kai wa mai bugawa. Emuleta zai zama makwaikwayi, irinsa biyu kuma cikakken makwaikwayi da makwaikwayin manhaja ɗaya. Na ɗauki yoyo saboda hujjar ɗan'uwanmu na Maraɗi, amma na bar ƙwaƙwalwa, zan rubuta yoyon memori, in bi shi da misalin shago da mabuɗi, in kuma yi amfani da ɓata wajen fassara gidaje huɗun Valgrind. Na so in ce ma'adana, sai na tuna cewa na riga na ba faifan ajiya wannan sunan a darasin baya. Baba, sojan gona zan faɗe shi da baki a aji, don na san ba za su manta ba, amma ba zai shiga takarda ba.

Tsohon ɗan rediyo: Takardarka ce, Malam. Makwaikwayi zan iya haɗiye shi da ruwa, amma memori ban yarda ba, kuma a rubuta cewa ban yarda ba. Kafin bugu na biyu zan kawo muku kalma.

Mai fassara daga Kaduna: Muna jira, Baba. Malam, ka duba takardar kafin ta fita daga hannun mai bugawa, domin na sha ganin ƙ da ɓ da ɗ sun koma akwatuna a injinsu, kuma kalmar ɓata tana cikin layuka uku daga huɗun nan.