Kask maras igiya da kiɗan kalangu: wa ya gwada a gida?

Mai Tsohon Kaset, Birni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara da shekaru ina sauraron kiɗan gargajiya bayan isha'i, idan yara sun kwanta gida ya yi tsit. Da kask mai igiya nake yi, har igiyar ta tsinke daga ciki, kunne ɗaya ya mutu. Ɗana ya kawo mini maras igiya, na Bluetooth, daga Kano. Na sa masa albarka, amma daren farko raina bai kwanta ba. Akwai wani kiɗan kalangu da na sani kamar yunwar cikina: wurin da makaɗin ke matse tsarkiya a hammata, muryar gangar ta hau, sannan ya sassauta ta sauko kamar mai magana. A sabon kask ɗin ina jin dukan, amma wannan lanƙwasar ta dusashe, ga wani gum-gum daga ƙasa da ya danne 'yan amshi. Laifin rashin igiya ne, ko kunnena ne ya tsufa?

Mai Gyaran Salula, Kasuwar Dole

Baba, kunnenku lafiya lau. Abu biyu ne suka haɗe muku.

Na farko, Bluetooth hanya ce matsattsiya. Sautin faifan CD yana gudu da kilobit 1411 a daƙiƙa, ita kuwa hanyar da kowane kask ke da ita, wadda ake kira SBC, ba ta cika wuce 328 ba. Dole salula ta matse kiɗan ta zubar da wani abu kafin ta aika. Akwai hanyoyin da suka fi ta: aptX na kamfanin Qualcomm, da LDAC na Sony mai kaiwa 990, wanda ya shigo cikin Android tun sigar 8 a 2017. Sharaɗin shi ne salula da kask su duka su san hanyar, in ɗaya bai sani ba sai su koma ƙasa ba tare da sun sanar da ku ba. Masu iPhone wata hanyar ce suke amfani da ita, AAC. Ku duba jikin kwalin kask ɗin, hanyoyin da ya sani a rubuce suke.

Amma gum-gum ɗin ba daga nan yake ba. Masu ƙerawa ne ke cika sautin ƙasa da gangan, don matasa shi suke so. Ku shiga wurin daidaita sauti a salula ku rage layuka biyu na hagu, ku ɗan ɗaga na tsakiya. A can kalangu da muryar mutum suke zaune.

Malama, Garin Malam

Ni dai darasin da na koya daban ne. Wata biyu ina zargin kask ɗina, ashe waƙoƙin ne da kansu. Yawancin abin da ke cikin katin salulata daga bidiyo aka ciro su, bidiyon da aka ɗora a Facebook, aka sauke, aka sake ɗorawa, kowane zagaye sai an ƙara matse shi. Ranar da ƙanena ya juyo mini wani kiɗan goge kai tsaye daga CD zuwa FLAC, tsarin ajiye sauti da ba ya zubar da komai, da kask ɗin nan dai na saurara, har ƙugin da izga ke yi a kan tsarkiya kafin sautin ya miƙe sai da na ji. Na ajiye aikin da nake yi na zauna bakin gado har ya ƙare. Baba, ku fara tambayar inda kalangun nan ya fito kafin ku yanke wa kask hukunci.

Ɗan Zango

Ni saboda maƙwabta na saya. Da kuran ya ɗauke sai gurup ya tashi a bayan katangarmu, da mai igiya kuwa sai na ƙure ƙara kafin in ji wani abu, da safe kunne na ta ƙugi. Wanda nake da shi yanzu yana da mai kashe hayaniya. Ƙarar da ba ta canjawa, irin ta gurup da fanka, yana shafe ta sosai. Kukan yaro ko sallama a ƙofa suna shigowa, kuma hakan ya fi mini. Yanzu a rabin ƙara nake sauraro.

Matsalarsa zafi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, rabin awa ya isa kunne ya jiƙe sharkaf, kuma fatar matashin kask ɗin, mai rufe kunne, ta fara ɓarewa tun bazarar farko. Na sa tela ya ɗinka masa riga ta auduga. In matashin ya lalace iska na shiga, sauti ya canja, kada a raina wannan.

Alhajin Sabon Gari

Ni ban yarda maras igiya ya kai mai igiya ba, kuma na gwada. Na kunna LDAC a matakinsa na sama, daga ɗaki zuwa tsakar gida sai yankewa. Tazarar mita 10 da ake cewa Bluetooth na kaiwa ta fili ce, ba ta gidan ƙasa mai kaurin bango ba. Ko salula na aljihun gaba, na juya kwanciya a kanta, sai kiɗan ya yi tuntuɓe, don jikin mutum ma yana tare shi. In na sauke zuwa kilobit 660 yana zama daram, kuma gaskiya kunnena bai kama bambanci ba sai a algaita, can ƙololuwa, inda take ɗan yin kaushi. Ga mai shara ko mai girki wannan ba komai ba ne. Ga wanda ya zauna don kiɗan kawai, akwai shi.

Malam, duba ƙasan kunnen hagu na kask ɗinka. Da yawansu suna da ƙaramin rami na igiya. Nawa da ita nake sauraro da dare, ko batir ya ƙare yana yi.

Mai Tsohon Kaset, Birni

Allah ya saka muku da alheri, kowa da kowa. Ga abin da ya faru. Jikata ta rage mini layukan hagu kamar yadda yaron kasuwa ya ce, nan take 'yan amshi suka fito fili. Malama, kin yi gaskiya: wanda ke salulata daga bidiyo ne. Na lalubo kaset ɗin asali a ƙasan adaka, na kakkaɓe ƙurar hunturu, aka kai wa mai kwamfuta ya juye shi ba tare da matsewa ba. Shuuu ɗin kaset na nan, amma tsarkiyar ta dawo, hawa da sauka, har numfashin da mawaƙin ke ja kafin ya ɗauki baiti. Alhaji, na sami ramin, a kunnen hagu kamar yadda ka ce. Gobe in Allah ya kai mu zan biya Kasuwar Dole in nemi igiyar da ta yi daidai da shi, in saurari kiɗan nan sau biyu a jere, da ita da kuma babu ita.